Tsufan Batirin Mota Mai Tafiya da Lantarki

Tun ran 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, zancen mota mai tafiya da lantarki ya shiga bakin mutanen Bauchi. In ka zauna a teburin mai shayi a Wunti, ko a tasha, ko a ɗakin malamai na kolejin nan, ba za ka daɗe ba sai ka ji an ɗauko shi. Masu yabonta su kan ce ba ta shan mai, ba a juye mata baƙin mai, ba fulogi, ba salansa, ba hayaƙi. Duk wannan gaskiya ne. Amma akwai tambaya guda wadda ya kamata a yi tun kafin a kwance bakin aljihu, watau in motar ta tsufa fa? Gama mu nan galibinmu ba sabuwar mota mu ke saye ba, sai wadda wani ya mora ya gaji a Turai ko Amurka, sa'an nan a loda ta a jirgin ruwa a kawo mana. To, a irin wannan mota batir shi ne ranta, shi ne kuma mafi tsada cikin kayan jikinta. Wanda ya sayi mai gajiyayyen batir, gangar jiki kaɗai ya saya da kujeru.

Motocin nan ba su yi nisa da mu ba. A watan Nuwamba 2020 aka nuna wata mota mai suna Hyundai Kona a Ikko, wadda kamfanin Stallion ya harhaɗa. A Afrilu 2021 aka buɗe wurin yi wa irinta caji da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. A Maiduguri wani saurayi, Mustapha Gajibo, ya yi suna wajen cire injin ƙananan bas ya sa musu batir, kuma a Disamba 2023 Gwamnatin Barno ta fito da motocin haya waɗanda a cikinsu akwai masu lantarki. Hanyar Maiduguri zuwa Jos kuwa ta cikin garin nan ta bi. Saboda haka ya kamata mu san abin tun bai cika mana gari ba.

Da farko sai mu san cewa abin da a ke kira batirin motar ba abu guda ba ne. Ƙananan batura ne da yawa, a ke jera su a ɗaure wuri ɗaya cikin wani faffaɗan akwatin ƙarfe a ƙarƙashin kujeru. Bari mu kira kowane ɗaya ƙwaya. Motar Nissan Leaf ta farko tana da ƙwaya 192, waɗansu motocin Tesla kuwa sun fi dubu bakwai, ƙanana kamar yatsa. Irinsu ɗaya da batirin wayar da ke aljihunka, watau na lithiyam, wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991. Mutum uku da suka yi aikin gano shi, Goodenough da Whittingham da Yoshino, an ba su kyautar Nobel a 2019.

Ga yadda ƙwaya ta ke aiki. A cikinta akwai faifai biyu. Ɗaya an shafe shi da wani irin gawayi mai sulɓi, irin wanda ke cikin fensir. Ɗayan an shafe shi da garin ƙarafa, kamar su nikel da kobalt da manganis. Tsakaninsu akwai wani tantani siriri kamar ɓawon albasa, an jiƙa shi da ruwan sinadari. Ku ɗauka faifan nan biyu azuzuwa biyu ne, 'ya'yan lithiyam kuwa 'yan makaranta ne. In an sa caji, sai a kora yaran duka zuwa ajin gawayi su zauna. In direba ya taka, sai su kwararo su koma ɗayan ajin, kuma wannan komawa tasu ita ce ke tura wutar da ke juya ƙafafun mota. Ba abin da a ke ƙonawa. Kai da kawowa ne kawai, yau da gobe.

To, in ba a ƙona kome, me ke ƙarewa? Yaran ne ke raguwa. Tun ranar da aka fara yi wa ƙwaya caji a masana'anta, ruwan sinadarin nan ya kan taɓa fuskar gawayin, sai wani ɓawo ya kwanta a kai, kamar ƙanzo a gindin tukunyar tuwo. Ɗan kaɗan daga cikinsa alheri ne, don shi ke kare gawayin. Amma ƙanzon nan da lithiyam a ke yinsa, kuma ba ya daina kauri. Duk ɗan lithiyam da ya maƙale a ciki ya tafi ke nan, ba zai sake kai da kawowa ba. Sa'an nan in ya yi kauri ya kan tare ƙofa, ragowar yaran su riƙa wucewa da ƙyar, batirin ya riƙa ɗaukar zafi, ƙarfinsa ya ragu a kan hawa. Bayan wannan kuma, gawayin ya kan kumbura in lithiyam ya shiga, ya motse in ya fita, kusan kashi ɗaya cikin goma na girmansa. Abin da ke kumbura yana motsewa sau dubu, tilas wata rana ya tsattsage, kuma kowace sabuwar tsaga sabon ƙanzo ne.

Kun ga ke nan tsufan iri biyu ne. Akwai na aiki, wanda ke zuwa da yawan caji da saukewa. Akwai kuma na kwanaki, wanda ke tafiya ko da motar tana ajiye a gareji an lulluɓe ta da tamfol. Wannan na biyun shi ne mutanenmu ba su cika sani ba. Mun saba da duban mil nawa mota ta yi, in kaɗan ne mu ce sabuwa ce fil. A nan wannan awo bai isa ba. Motar da ta shekara takwas a ajiye a rana, batirinta cike fal, tana iya fin wadda ta sha tafiya a ƙasa mai sanyi lalacewa.

Abu biyu ke hura wa tsufan kwanaki wuta: zafi, da zama a cike. Masana sinadari suna da wani ƙiyasi da su ke aiki da shi, cewa irin wannan haɗuwar sinadarai ta kan kusan ninka saurinta duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10. Batirin lithiyam ya fi jin daɗi wajen digiri 20 zuwa 30, watau abin da jikin mutum ma ya fi so. Yanzu ku tuna da Bauchi a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin inuwa ke kusantar digiri 40, ruwan randa ma ya yi ɗumi. Ku tuna kuma batirin a ƙarƙashin mota ya ke, taku ɗaya daga kwalta, kwalta kuwa da azahar ta fi iska zafi nesa ba kusa ba. Wannan ita ce matsalarmu ta musamman. Mutanen Norwe da Kanada sanyi ke damunsu, don ya kan rage musu nisan tafiya da hunturu, kuma caji mai sauri cikin tsananin sanyi ya kan ɓata ƙwaya. Amma raguwar nisan da sanyi ke kawowa aro ce, in gari ya yi ɗumi sai ta dawo. Abin da zafi ya ci kuwa ba ya amayarwa. Hunturunmu na Disamba da Janairu, wanda mu ke kuka da shi, hutu ne ga batir.

Akwai labarin motoci biyu da ya kamata kowane mai sha'awar abin ya sani, don an fara sayar da su a wata guda, Disamba 2010. Ɗaya ita ce Nissan Leaf ta Japan. Batirinta na ɗaukar wuta kilowat-awa 24, kuma bisa awon hukumar Amurka tana tafiyar mil 73, watau wajen kilomita 117, kafin ta nemi caji. Masu ƙera ta ba su sa wa batirin wani abin sanyaya shi ba, suka bar shi ya huce da kansa. A Ingila da Japan abin bai tada hankali ba. Amma a birnin Finiks na jihar Arizona, inda zafi ya ke kamar na Nguru ko ya fi, a shekarar 2012 masu motar suka fara kuka, batura sun zube tun ba su cika shekara biyu ba. Kukan ya yi yawa har kamfanin ya fito da sabon alkawari a ƙarshen shekarar, cewa zai gyara ko ya sauya batirin da ya faɗi ƙasa da wajen kashi 70 cikin 100 kafin shekara biyar ko mil 60,000. Daga baya suka sake haɗin sinadarin don ya jure zafi, masu motar suka laƙaba wa sabon batirin suna ƙadangare, don shi ne ba ya gudun rana.

Ɗaya motar ita ce Chevrolet Volt ta Amurka, wadda ɗan Sakkwato, Jelani Aliyu, ya yi suna wajen zana siffarta, kafin ya dawo gida ya shugabanci hukumar ƙera motoci ta ƙasa daga 2017 zuwa 2023. Ita tana da ɗan injin fetur na taimako, amma ba wannan ne abin dubawa ba. Masu ƙera ta sun yi dabara biyu. Sun zagaya batirin da ruwan sanyaya, kamar yadda lagireto ke yi wa inji. Sa'an nan batirin na kilowat-awa 16 ne, amma ba su yarda direba ya taɓa fiye da wajen 10 ba, watau ba ya cika fal, ba ya kuma ƙarewa ƙarƙaf. Baturan nan sun yi suna wajen daɗewa. Wani kamfanin Kanada mai suna Geotab, wanda ke bin diddigin motocin ma'aikatu, ya fitar da lissafi a 2019 daga motoci fiye da dubu shida. Ya sami cewa Leaf ta 2015 na rasa kashi 4.2 cikin 100 a shekara, Tesla Model S ta wannan shekara mai ruwan sanyaya kuwa kashi 2.3. Matsakaicin dukan motocin a lokacin 2.3 ne, a lissafinsu na 2024 kuma 1.8. A ganina, duk wanda zai kawo irin motar nan Bauchi, tambayarsa ta fari ita ce ko batirin na da ruwan sanyaya. Launi da kujerun fata su biyo baya.

Bari mu yi ɗan lissafi, irin wanda kowane ɗalibi zai iya ba 'yan aji shida. Daga Bauchi zuwa Jos wajen kilomita 130 ne, kuma hawa ne. Leaf ta farko ko tana sabuwa ba za ta kai ba. In ta tsufa ta koma kashi 60, tafiyarta kilomita 70 ke nan, ta isa zirga-zirga tsakanin Yalwa da kasuwar Muda Lawal, amma ba ta zuwa Yankari. Ita kuwa Kona mai kilowat-awa 64, masu ita sun ce tana yin wajen kilomita 480. In tana rasa kashi 2 a shekara, bayan shekara goma saura kashi 80, watau kilomita 384. Kano kuwa wajen kilomita 300 ce, za ta kai. In kuwa zafi da rashin kula sun sa tana rasa kashi 4, saura kashi 60, kilomita 288. Ba ta kai ba. Kuma ku lura, wannan awon na masana'anta ne. In ka kunna na'urar sanyaya ɗaki, ka loda iyali da buhun masara, ka taka da sauri, sai ka rage wani abu mai kauri daga ciki. Raguwar ma ba a miƙe ta ke tafiya ba kamar yadda lissafin ya nuna. Ta kan yi ɗan sauri a shekara ɗaya ko biyu na farko, ta lafa shekaru masu yawa, sa'an nan can wajen ƙarshe ta gangaro da gudu.

Duk wannan tsufa ne, yana zuwa sannu, mai mota yana gani. Mutuwar farat ɗaya wani abu ne dabam, kuma sau da yawa ba ruwanta da shekaru. Ƙwayoyin nan a jere su ke kamar ayarin fatake, ayari kuwa ba ya wuce saurin gurgun jaki. In ƙwaya ɗaya cikin ɗari ta raunana, ita za ta riga saura ƙarewa. Akwai wata ƙaramar kwamfuta a cikin akwatin, aikinta gadi, tana auna kowace ƙwaya. Da ta ga wannan ta ƙare sai ta tsayar da motar duka, ko da sauran na da wuta. Alamar wannan ita ce ka ga allo ya nuna saura kashi 30, ka hau ɗan tudu, nan take ya faɗo zuwa 5. Mai irin wannan mota sau da yawa ba ya bukatar sabon batir ɗungum, sai a sauya ɓangaren da ƙwayar ta ke. Amma sai an sami wanda ya iya, da wadda za ta dace da sauran.

Wani lokaci ma laifin ba na babban batirin ba ne sam. Yawancin motocin lantarki suna da ƙaramin batir mai bolt 12, irin na darma da ruwa wanda kowane makaniki ya sani, irin da Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro tun 1859. Shi ke tada kwamfuta, ita kuma ta buɗe wa babban hanya. In ya mutu motar ba ta ko motsi, alhali babban cike ya ke. Zafinmu kuwa ya saba kashe irin wannan batir cikin 'yan shekaru kaɗan. A fara duba shi kafin a fara salati.

Sai kuma aibin masana'anta. A farkon 2021 kamfanin Hyundai ya sanar zai sauya baturan motoci wajen 82,000 a duniya, galibinsu Kona, bayan waɗansu sun kama wuta. A Agusta na wannan shekara kamfanin General Motors ya kira dukan motocinsa Chevrolet Bolt, wajen 140,000, saboda an sami ƙwayoyin da tantaninsu ya naɗe, wani ɗan kunne kuma ya yage tun wurin ƙira. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Motar da aka kira a can, mai ita bai kai ba, ya sayar, tana iya ƙarewa a hannun dillali a nan. Da lambar jikin mota a kan iya bincikawa a intanet ko an sauya mata. Haka kuma motocin da ambaliya ta ci. Bayan guguwar da aka kira Ian a Florida a 2022, waɗansu motocin lantarki da ruwan teku ya shiga sun kama wuta kwanaki bayan ruwan ya janye. Irin waɗannan su ne a kan yi gwanjonsu da araha, araha kuwa ba ta ado. Gobarar batir ba ta cika faruwa ba, amma in ta tashi tana da wuyar kashewa, tana shan ruwa mai yawan gaske, kuma tana iya sake tashi bayan an ɗauka ta mutu.

A nan sai in ja kunnen 'yan'uwanmu makanikai. Garin nan ba baƙon ƙarfe ba ne, tun zamanin da kamfanin Steyr ke harhaɗa manyan motoci da taraktoci a nan mu ke da masu hannu. Amma akwatin nan na ɗauke da wuta ta bolt 350 zuwa 400, waɗansu sababbi har 800. Wayoyin da aka yi wa launin lemo alama ce ta kashedi. Ba wurin gwada sifana ba ne, ba kuma wurin koyo da ka ba. Wanda bai sami horo da safar hannu ta musamman ba, kada ya kwance ko noti ɗaya.

Mai saye fa, yaya zai yi? Kada ya yarda da nisan da allo ya nuna, don wannan ƙiyasi ne bisa tuƙin jiya. Akwai wata 'yar na'ura da a ke soka wa a ƙarƙashin sitiyari a haɗa da waya, ta faɗi lafiyar batirin kashi nawa ce cikin ɗari, ta kuma nuna ko akwai ƙwayar da ta bambanta da 'yan'uwanta. Leaf ma tana da sanduna 12 a gefen allo, ta farko na ɓacewa in an rasa wajen kashi 15. Amma macuta na iya taɓa kwamfutar sandunan su dawo na ɗan lokaci. Gani ya kori ji: a cika ta, a tuƙa ta zuwa nesa a dawo, a auna abin da ta ci. A tambayi kuma daga wace jiha ko ƙasa ta fito. Alkawarin da yawancin kamfanoni ke bayarwa shekara 8 ne ko kilomita 160,000, amma tsohuwar motar da ta ƙetaro teku galibi ta bar alkawarinta a can baya. Sauya batir kuwa ba wasa ba ne. A 2014 Nissan ta sa wa na Leaf dala 5,499. Farashin batura a duniya ya faɗo ƙwarai, daga sama da dala 1,000 kowane kilowat-awa a 2010 zuwa wajen 115 a 2024, amma wannan farashin masana'anta ne, ban da jirgi da kwastan da canjin Naira.

Wanda ya riga ya saya, kulawar ba ta da wuya. Ya nemi inuwa kamar yadda ya ke nemar wa dokinsa, ko rumfar zana ce. Kada ya cika ta fal ya bar ta a rana, kashi 80 ya isa aikin yau da kullum, sai ranar tafiya ya cika ya tashi. Kada ya bari ta ƙare ƙaf ta kwana a haka. In zai yi doguwar tafiya, kamar aikin Hajji, ya bar ta wajen rabi. In ya dawo daga hanya da rana, ya bari ta huce, ya sa caji da dare. Abin mamaki, rashin wuraren caji mai sauri da mu ke kuka da shi rahama ne ga batir, gama caji a hankali ya fi masa sauƙi. Sai dai janareta mai kilowat 2 zai yi awa 32 ko fiye kafin ya cika Kona, kuma wutar da ke hawa da sauka ta kan fi cutar da na'urar cajin da ke cikin motar, ba ƙwayoyin ba. Da damina kuma, in ruwa ya cika hanya, kada ya kutsa don ya ji an ce ba ta da salansa.

Ba dukan baturan lithiyam ke da hali ɗaya ba. Akwai wanda a ke haɗawa da baƙin ƙarfe da fosfet, a ke rubuta masa LFP, wanda kamfanonin Sin kamar BYD suka fi amfani da shi. Ya fi nauyi, bai kai na nikel nisan tafiya ba, amma ya fi jure yawan caji, ya fi wuyar kama wuta, kuma masu ƙera shi su kan ce a riƙa cika shi fal lokaci lokaci don kwamfutar ta daidaita awonta. Shi ne ma cikin yawancin sababbin baturan sola da a ke sayarwa a gari. Masu sayen Keke Napep ko babur mai lantarki su tambaya da kyau, don waɗansu masu arahar batirin darma ne a ciki, wanda in ana sauke shi ƙasa kullum caji ɗari kaɗan zai yi ya gaji.

Batirin da ya gaza wa mota bai mutu ba. Wanda ya koma kashi 60 na kilowat-awa 24 yana da sauran fiye da 14, abin da zai riƙe fitilu da fankoki da firji na gida dare guda har da saura. A filin ƙwallo na Johan Cruijff da ke Amsterdam, tun 2018 aka haɗa baturan Leaf, sababbi da tsofaffi, daidai da na mota 148, suna ajiye wa filin wuta. Makarantar ƙauye mai faifan sola a kan rufi za ta iya morar irin wannan shekaru, in an sami ƙwararre ya haɗa shi tare da kwamfutar gadinsa, aka ajiye shi a ɗaki mai iska, nesa da inda yara ke kwana. Wanda ya ƙare sarai kuma ba a jefa shi a juji, ba a fasa shi da gatari don neman jan ƙarfe, ba a kuma sa shi a wuta.